Bayan Ambaliya a Jega, Aliero da Maiyama: Nawa Ne Kuɗin Gyara Hanyar Ƙauye da Diga da Shebur?

Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna a Jihar Kebbi, alƙaluma iri uku ne ke fara fitowa daga bakin hukuma: rayukan da aka rasa, gidajen da suka rushe, da faɗin gonakin da ruwa ya shanye. A daminar 2020 hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar ta ce ruwa ya rufe hekta 450,000 na shinkafa, da wasu hekta 50,000 na gero da dawa da masara da rake. A 2024 gwamnatin jihar ta kawo lissafin da ya fi wannan nauyi: mutum 29 sun rasu, gidaje sama da 300,000 sun lalace, hekta 858,000 na gonaki sun shiga ruwa, a ƙananan hukumomi 16 cikin 21. Faɗin jihar gaba ɗaya bai wuce hekta miliyan 3.7 ba, ke nan ana maganar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Kebbi, har da dazukanta da garuruwanta. Irin wannan adadi cikin gaggawa ake tattara shi, a lokacin da ake neman agaji daga Abuja, don haka a ɗauke shi a matsayin alamar girman masifa, ba awon igiya ba.

Hanya ba ta shiga wannan jeri sai idan gada ce ta karye a kan babban titi, manyan motoci suka yi cirko-cirko, 'yan jarida suka samu abin ɗauka. Hanyar burji da ta tashi daga ƙauye ta biyo gefen fadama ta fito bakin kwalta, wadda kwalbatinta ya toshe a watan Agusta, ruwa ya haura ta ya yanke ta gida biyu, babu mai ƙirga ta. Masu ƙirga ta su ne ɗan kabu-kabu da ya ninka kuɗin ɗauka, da direban da ya ce wa manomi motarsa ba ta shiga, sai dai a fito masa da buhunan bakin titi, da mai naƙudar da aka ɗora a amalanke.

Jega da Aliero da Maiyama suna da sa'ar da wasu ƙananan hukumomin jihar ba su da ita, domin babban titin tarayya da ya taso daga Sakkwato ya nufi Koko da Yawuri da Kwantagora ta cikinsu ya ratsa, kuma a Jega hanyar Birnin Kebbi ta haɗu da shi. Amma titi ɗaya ne. A ƙidayar 2006 mutanen ƙananan hukumomin uku sun kai kimanin 435,000: Jega sama da 190,000, Maiyama kusan 175,000, Aliero kimanin 66,000. Idan aka lissafa ƙaruwar kashi 3 cikin 100 a shekara, yau sun haura 700,000, kuma akasarinsu ba a bakin kwalta suke kwana ba. Tsakiyarsu kuma Gulbin Zamfara ne kwance da faffaɗar fadamarsa. Ruwan da ya sauka can wajen Anka da Bukkuyum da Gummi a nan yake zuwa ya baje, ko da a Jega ba a yi ko yayyafi ba a daren.

Hanyar wa ce?

Hanyoyin Najeriya baki ɗaya sun kai kimanin kilomita 195,000. Na Gwamnatin Tarayya wajen 35,000 ne, na jihohi sun ɗan haura 30,000, sauran kimanin 130,000, wato kashi biyu cikin uku, hanyoyin karkara ne da tsarin mulkin 1999 ya ɗora ginawa da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi. Bankin Duniya yana da wani ma'auni mai sauƙin ganewa: mutum nawa ne cikin mazauna karkara ke zaune a tazarar da ba ta wuce kilomita 2 ba daga hanyar da ake bi rani da damina. Amsar Najeriya ita ce kashi 25.5 cikin 100. Uku cikin kowane mutum huɗu na ƙauye, da zarar malka ta kankama, sai su yi tafiyar da ta wuce ta rabin awa a ƙafa kafin su taka inda mota ke iya zuwa.

Raba kilomita 130,000 ga ƙananan hukumomi 774, kowace za ta tashi da kimanin kilomita 168. Wannan matsakaicin ƙasa ne, Aliero mai ƙaramin fili ba za ta kai haka ba, Maiyama mai faɗi tana iya wucewa, amma ya isa a yi aiki da shi: a ce ukun suna da kilomita 500 na hanyar karkara.

To, ga abin da manyan shirye-shirye ke iya yi. A Fabrairun 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, kuma Kebbi na cikin jihohi 13 da suka shiga, tare da Sakkwato da Katsina da Kano da Bauchi. Kuɗin shirin dala miliyan 575 ne: miliyan 280 daga bankin, miliyan 230 daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa, miliyan 65 daga gida. Burinsa na farko shi ne ɗaga darajar kimanin kilomita 1,600 na hanya da gyara cibiyoyin kasuwanci 65. Idan aka raba daidai, kowace jiha za ta samu kilomita 123, a Kebbi kuma kowace ƙaramar hukuma ta tashi da kilomita 6. Shida cikin 168. A Disambar 2024 an amince da ƙarin dala miliyan 500 don faɗaɗa shirin, da burin kilomita 6,500, kuma ko wannan kashi 5 cikin 100 ne kacal na hanyoyin karkarar ƙasar. Ba raina aikin nake yi ba, duk ƙauyen da hanyarsa ta faɗo cikin jerin ya dace. Abin da lissafin ke nunawa shi ne kashi 95 cikin 100 na hanyoyin ba za su ga katafilar ɗan kwangila ba nan kusa, kuma ruwa ba zai jira su ba.

Abin da ke cin hanya

Mota ba ita ce babbar maƙiyiyar hanyar burji ba a wurin da motocin da ke bin ta a yini ba su kai hamsin ba. Ruwa ne. Ɗauki kilomita ɗaya mai faɗin mita 6. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 100, irin wanda akan yi a dare ɗaya cikin Agusta, lita 600,000 ce ta sauka a kan wannan ɗan tsakanin kaɗai, jarka 24,000 mai cin lita 25. Kowace hekta ɗaya ta gonar da ke gangarowa wajen hanyar kuma ta karɓi lita miliyan ɗaya, kuma abin da ƙasa ba ta shanye ba hanya zai nufa.

Hanyar ƙasa tamkar rufin soro take. Idan tana da doro a tsakiya, ruwa ya gangara gefe, indararonta kuma a buɗe yake, sai ta shekara goma ba ta yi yoyo ba, amma ranar da aka daina yi mata yaɓe kafin damina, ranar ta fara mutuwa. Doron da ake so shi ne gangaren kashi 5 zuwa 7 cikin 100, wato tsakiyar hanya mai faɗin mita 6 ta ɗara gefenta da santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi ɗaya. Idan tayoyi suka cinye doron, hanya ta koma ƙasa da gonakin da ke gefenta, to ta zama rafi.

Kwalbati ma akwai lissafinsa, kuma a nan ake yawan yin arahar da ke zama tsada. Bututu mai faɗin baki santimita 60 da mai santimita 90, a ido bambancinsu rabi ne. Amma filin bakin na farko kashi 0.28 ne na murabba'in mita, na biyu 0.64, ya ninka shi har da ɗoriya, kuma ruwan da yake iya fitarwa ya kusa ninki uku. Ga shi kuma mutum na iya shiga mai 90 a tsugune da shebur ya kwashe yashi, ƙaramin kuwa idan karan dawa da leda da yashi suka cushe shi, sai dai a yi ta zungura da gora. Wanda ya taɓa tsayawa a kan kwalbatin da ya toshe bayan ruwa ya janye ya san yadda abin yake: ta gefen da ruwa ke shigowa yashi ya cika fal har ciyawa ta fara tsirowa a kai, ta ɗaya gefen kuma ƙasa ta rufta, bututun na reto a sarari, saman hanyar ya rage faɗin da babur kaɗai ke iya bi. Wannan ɓarnar ta miliyoyin naira ce, kuma aikin da zai hana ta na mutum biyu ne a yini ɗaya cikin watan Mayu.

Tun a 1988 Bankin Duniya ya yi wannan lissafi a kan ƙasashe masu tasowa 85. Ya gano sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45 saboda rashin kulawa, alhali dala biliyan 12 ta isa ta hana asarar.

Kilomita ɗaya da hannu

Ma'aunin da ake amfani da shi a wannan fanni shi ne yinin aiki, wato abin da mutum ɗaya ke yi a yini ɗaya. Ƙasa kuma da kubik ake auna ta, rami mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, kimanin cikin baro 15. Lebura mai lafiya yana haƙa kubik 3 zuwa 4 a ƙasa mai laushi, 2 zuwa 3 a mai tauri.

Lambatu biyu, dama da hagu, a kilomita ɗaya za su ci haƙar kimanin kubik 800, yinin aiki 270 ke nan, kuma ƙasar da aka haƙo ita ake jefawa tsakiya a tayar da doro. Shimfiɗar marmara mai faɗin mita 5 da kaurin santimita 15 tana bukatar kubik 750 bayan an danne, kusan 950 kafin a danne. Haƙo ta daga rami da diga zai ci yini 380, lodi 160, bazawa 75. Idan aka haɗa da sassabe, da gyaran doro, da yanka ƙananan magudanai masu kai ruwa cikin daji, da jera duwatsu a cikin lambatu inda gangare ya yi tsanani, da ginin kwalbati, da ban ruwa, jimillar takan tsaya tsakanin yini 1,500 zuwa 2,000. Ayarin mutum 100 zai gama kilomita ɗaya cikin kusan wata guda.

Ba sabon abu ba ne. Kenya ta fara shirinta na hanyoyin karkara da hannu a 1974, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 ta gina kimanin kilomita 8,000 da diga da shebur da baro da tarakta mai jan tirela. Ghana ta bi sahu a 1986, ita kuma ta hanyar horar da ƙananan 'yan kwangila na gida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta daɗe tana bin diddigin irin waɗannan ayyuka, ta sha nuna cewa a inda ladan lebura ke da sauƙi, hanyar da aka yi da hannu takan fi ta inji araha da kashi 10 zuwa 30 cikin 100, takan rage bukatar kuɗin waje da wajen rabi, kuma takan ɗauki ma'aikata ninki biyu zuwa huɗu. A aikin inji abin da ke shiga aljihun leburori bai cika wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangila ba. A aikin hannu yakan kai rabi. Indiya ma a dokarta ta 2005 ta ba kowane gidan karkara aikin kwana 100 a shekara, sai ta gindaya cewa kashi 60 cikin 100 na kuɗin ya tafi ga lada, 40 ga kayan aiki.

A shekarun 1990 masana hanya sun ɗauki dala 4 a yini a matsayin iyaka: idan ladan lebura bai kai haka ba, hannu na iya gogayya da inji. Mafi ƙarancin albashi a Kebbi tun ƙarshen 2024 naira 75,000 ne, wato naira 3,000 a yini idan aka yi kwana 25, kimanin dala 2 a canjin naira 1,500. A ɗaya ɓangaren, man dizal da gireda da katafila ke sha bai kai naira 300 a lita ba a 2021, amma a 2024 ya haura 1,200. Dalar da ake sayo kayan gyaransu da ita ta tashi daga kimanin naira 460 a Mayun 2023 ta ninka sau uku. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa daga 30,000 ya koma 70,000. Inji ya yi tsada ninki uku zuwa huɗu, mutum ninki biyu da 'yan kai. Gaskiya ce mai ɗaci, domin ma'anarta ita ce gumin talaka ya ƙara araha, kuma bai kamata a yi murna da hakan ba. Amma tunda haka abin yake, gara kuɗin ya tsaya a kasuwar Jega da ya tafi wurin dillalan mai.

A naira 3,000, yini 2,000 ya kama naira miliyan 6. A naira 5,000, miliyan 10. Idan lada rabin kuɗin aiki ne, kilomita ɗaya na hanyar marmara mai lambatu da kwalbati zai tsaya tsakanin naira miliyan 12 zuwa 20, rabinsu a hannun mutanen ƙauyukan da hanyar ta ratsa.

Mutum dubu uku, wata uku

An taɓa samun kuɗin, kuma a daidai lokacin da ake bukatarsa. Watanni kaɗan bayan ambaliyar 2020, a ranar 5 ga Janairun 2021, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ayyuka na musamman mai ɗaukar mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a kan naira 20,000 a wata na tsawon wata uku, ƙarƙashin Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa da ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo. An ware naira biliyan 52, ladan kaɗai biliyan 46.4 ne. Kason Kebbi mutum 21,000, naira biliyan 1.26. Kason Jega da Aliero da Maiyama mutum 3,000, naira miliyan 180.

Tun daga rabon akwai abin dubawa. Dubu ɗaya a Aliero na nufin mutum ɗaya cikin 66 bisa ƙidayar 2006, a Jega kuwa ɗaya cikin 193. An raba ne da yawan ƙananan hukumomi, ba da yawan jama'a ba, ba da tsawon hanya ba, ba kuma da girman ɓarnar ruwa ba. Ƙaramar hukumar da ruwa ya share da wadda ko ɗigo bai taɓa ta ba, kasonsu ɗaya.

Yanzu a mayar da mutanen zuwa yinin aiki. Mutum 3,000, kwana 22 a wata, wata uku: yini 198,000. A raba da 2,000, an samu kilomita 99. Wato ƙarfin da aka biya a ƙananan hukumomin nan uku, da an haɗa shi da kayan aiki da siminti da masu duba aiki, ya isa ya farfaɗo da kusan kilomita 100 na hanya, kashi ɗaya cikin biyar na abin da muka ƙiyasta suna da shi, ninki biyar na kason da muka lissafa musu daga zagayen farko na RAAMP.

Shirin bai auna kansa da kilomita ba. Da kawuna ya auna. Hayaniyar da ta fi tashi a kansa ita ce ta wa zai zaɓi sunaye, har ministan da 'yan Majalisar Tarayya suka yi cacar baki a bainar jama'a a tsakiyar 2020, daga baya kuma koke-koken jinkirin biya suka cika kafafen labarai daga jihohi da dama. Ladan ma, naira 20,000 a kwana 22, kimanin naira 900 ne a yini, abin da ke gaya wa kowa cewa tallafi ne aka sa masa rigar aiki. Tallafi ba laifi ba ne a shekarar korona da ambaliya. Sai dai wanda aka ba tsintsiya da rigar shaida na wata uku, idan wa'adin ya cika, ba ya barin komai da damina mai zuwa za ta tarar.

Mai hanya

Akwai wata hanyar kashe wannan ƙarfi da ta fi gyara riba. A Kenya bayan an gama gina hanya, sai a yanka ta gunduwa-gunduwa, kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, a damƙa kowace ga mutum ɗaya da ke zaune kusa da ita, galibi cikin waɗanda suka yi aikin ginin. Ana ba shi baro da shebur da diga da manjagara da adda, yana aiki kwana uku a mako, sauran kwanakin yana gonarsa. Aikinsa yashe lambatu, buɗe kwalbati, cike rami tun yana ƙarami, mayar da marmarar da taya ta watsar. Mai dubawa ya zagayo, idan aiki ya yi a biya shi a ƙarshen wata. Dattawan da suka ga zamanin En'e za su ce ai mun san wannan, leburorin hanya ne da helumansu, kuma sun yi gaskiya.

Kwana 12 a wata, 144 a shekara, a kan kilomita 2: yini 72 ga kowane kilomita. Kilomita 500 na bukatar mutum 250 da yini 36,000 a shekara. Yini 198,000 ɗin da aka ƙone cikin wata uku a 2021 ya isa ya riƙe duk hanyoyin karkarar Jega da Aliero da Maiyama na shekara biyar da rabi.

A kuɗin yau, yini 36,000 a naira 3,000 ya kama naira miliyan 108 a shekara, miliyan 3 a wata ga kowace ƙaramar hukuma. A naira 5,000, miliyan 5 a wata. A ƙarshen 2024 kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya ya kai kimanin naira biliyan 400 a wata, matsakaicin kowace wajen miliyan 500. Albashin malaman firamare da ma'aikata na cinye kaso mai tsoka, haka ne, amma ana maganar kashi ɗaya cikin 100 ne. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, aiwatarwar ce ke tafiyar hawainiya. Ko ma a hannun wa kuɗin yake, adadin bai kai abin da za a ce babu ba.

Inda lissafin ke tuntuɓe

Takarda ba ta gardama, ƙasa ce ke yi. Abu na farko, kalandar noma. Masu tsara irin wannan shiri daga nesa sukan ɗauka cewa da an gama kaka mutanen Arewa zaune suke ko sun tafi cin rani. A wannan yanki ba haka ba ne. Manomin Aliero yana dashen albasa a farkon sanyi, yana ban ruwa har zuwa cira a Fabrairu da Maris, sannan ga ɗawainiyar ajiya a rudu da kai kaya kasuwa. Fadamar Jega da Maiyama kuwa tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015 noman shinkafar rani ya ƙara cika ta. Lebura a nan yana da mai nemansa a rani, kuma wanda ya zo da naira 900 ba zai samu majiyi ƙarfi ba. Tagogin da suka fi dacewa biyu ne. Na farko Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya janye, ƙasa na da sauran danshin da ke sa ta dannu ba sai an yi jigilar ruwa ba, kuma a shekarar ambaliya lokacin ne wanda gonarsa ta nutse ba shi da abin girbi, ba shi da kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa. Ladan kwana 30 a naira 3,000, naira 90,000, jari ne na komawa fadama. Na biyu Afrilu zuwa Mayu, don yashe lambatu da kwalbati kafin ruwan farko.

Abu na biyu, ba komai hannu ke yi ba. Gada a kan Gulbin Zamfara aikin injiniya ne da ƙarfe da manyan injuna. Dannewa tana son rola, ko da ƙarama ce wadda ake turawa, domin marmarar da ba ta dannu ba ruwan farko ke tafiya da ita. Baro na da amfani zuwa mita 150 ko 200, daga nan sai amalanke, idan ramin marmara ya yi nisan kilomita da yawa sai tarakta ko tifa. Kubik 950 sawu 95 ne na tifa mai cin kubik 10, amma sawu 1,900 ne na amalanke mai cin rabin kubik, abin da zai iya zama kasuwa ga masu shanun huɗa idan ramin na kusa, ya zama wahala idan yana nesa. A cikin fadama kuma, inda laka ke kumbura da damina ta tsage da rani, dole a ɗaga hanya. Cikon mita ɗaya a tsayi da mita 8 a faɗi kubik 8,000 ne a kilomita, wajen yini 4,000, ninki biyu na hanyar tudu. A ƙananan rafukan da ke cika na 'yan sa'o'i su janye, shimfiɗa kankare a ƙasan rafin ruwa ya bi ta kai yakan fi ƙaramin kwalbati daɗewa, kuma magina na gida na iya yin sa.

Abu na uku, masu duba aiki. Kilomita 100 a rani ɗaya na bukatar ayari 20 na mutum ɗari-ɗari, kowane da heluma da wanda ya iya kafa turaku da igiya ya fitar da gangare daidai. Lambatun da aka haƙa ba gangare tafki ne a gefen hanya. A nan yankin bai rasa mutane ba, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, suna yaye matasan da suka karanci aikin gine-gine, da yawansu na zaune.

Sai yadda ake biya. Lada a kan yini yana haifar da jingina da shebur. Jinga ita ce ta yi aiki a duk inda aka gwada: a auna wa mutum mita kaza na lambatu, ya gama ya tafi gonarsa ko da hantsi ne. Manomin nan ya san jinga tun kafin a haifi masu shirin. Amma jinga tana rayuwa ne da biya a kan lokaci. Ɗan kwangila mai katafila yana iya jiran gwamnati wata shida, injinsa ba ya cin tuwo. Lebura ba ya iya jiran mako uku, kuma ayarin da ya watse saboda bashi ba ya sake taruwa da sauƙi. Wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan shirye-shirye a Afirka.

Wasu za su ce a koma aikin gayya, kyauta. Gayya tana buɗe hanyar da ta yanke a rana ɗaya, kuma ƙauyuka na yin ta ba tare da jiran kowa ba, da buhunan yashi da itace da faranti na tuwo. Ba ta riƙe hanya shekara da shekaru, saboda masu haƙar ba su ne suka fi cin moriyar ba. Dillalin albasa da mai motar da ke lodi zuwa Legas ko Onitsha ba sa riƙe diga. Kuma aikin hanya ba lada yana da mummunan tarihi a ƙasar Hausa tun aikin tilas na zamanin Turawa.

Sharaɗin shiga zagaye na biyu na RAAMP shi ne kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun kula da hanya, ta kuma zuba masa kuɗi. Idan za a bibiyi wannan asusu a Kebbi, alƙaluman da za a nema ba masu wuya ba ne: kilomita nawa ne a Jega da Aliero da Maiyama ke da mutumin da aka damƙa wa su da suna, kwalbati nawa aka yashe kafin ƙarshen Mayu, yinin aiki nawa aka biya, da kwana nawa ke tsakanin gama jinga da karɓar kuɗi. Ga kilomita 500, amsar farko da ake nema mutum 250 ne, da naira miliyan 9 zuwa 15 a wata.